Allurar Gwaggo da Manhajar Abokinka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka buɗi a wurin aiki, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Umma ta yi dama, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Maigidana ya dawo daga tafiyar da ya yi, yara suna ta karatu. An sallamo Gwaggo daga asibiti, tana ɗakin Umma, tana ci tana sha, sai dai ta rame ƙwarai, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ya kusa zagaye ta sau biyu. Baba kuwa ba abin da ke masa ciwo a jiki, amma ba zan yi maka ƙarya in ce lafiya yake ba.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, kuma abin da ke raina ba na rabin magana ba ne. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta. Kai ne babba, ban manta ba. Amma raina a ɓace yake, Yaya, ɓacin da ban taɓa yi da kai ba tun muna yara.

Ina zaune a falo ranar da ka kira Auta. Ba sai ta ba ni labari ba, muryarka har bakin ƙofa ake ji. Ka ce mata sakarya, ka ce ita ta kusa kashe Gwaggo, ka ce wanda bai iya karanta kwalin magani ba bai dace ya tsaya a bayan kanta ba. Sannan ka sa ta miƙa wa Baba wayar, ka ce ya cire ta daga kanti ya nemo wani. Auta ba ta ce maka komai ba sai to Yaya, to Yaya. Da ka kashe wayar, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Mace da ta gama karatun haɗa magunguna, ta ƙi aikin babban asibiti don ta zauna ta riƙe wa Baba kanti tun da yanar ido ta fara hana shi ganin ƙananan rubutu, ita ka zage kamar wadda ka tsinta a hanya. To, ni zan gaya maka abin da ya faru daga farko, tunda wanda ya ba ka labari ya tsallake nasa ɓangaren.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe. Ka shigo kanti da abokin nan naka da kuke kira Injiniya, da jakar kwamfutarsa da turarensa mai hawa kai. Ka ce zamanin duba kwali ɗaya ɗaya ya wuce, ya rubuta manhajar da za ta riƙa jera magunguna bisa wa'adinsu, wanda ya kusa lalacewa ya zo sama a fara sayar da shi, wanda ya lalace kuma ya yi ja a fuskar kwamfuta. Baba ya ji daɗi har ya rasa inda zai sa kansa, yana ta gaya wa masu saye cewa babban ɗansa ya kawo masa ido na biyu. Ni kuma na ce a bar ni in duba yadda aka rubuta ta kafin a fara aiki da ita. Ba wani abu na nema ba, aikina ke nan, shi nake koyarwa a jami'a. Abokinka ya yi dariya ya ce sirrin sana'a ne. Kai kuma ka ce in bar masu aikin gaske su yi aiki, nawa surutu ne a gaban allo. Kowa ya yi dariya, har da ni, don kada a ce na cika baƙin rai. Kafin ka tafi kai da bakinka ka ce wa Auta ta daina ɓata wa mutane lokaci da jujjuya kwali, ta ɗauko daga duk tiren da kwamfuta ta nuna mata.

Haka aka yi ta tafiya. Auta ta taɓa gaya maka a waya cewa tana ganin kamar sabon kaya na fita ya bar tsoho, ka ce na'ura ba ta kuskure, mutum ne ke yi. Ta ce maka da safe manhajar kan tsaya tana juyi, mutane na jira a layi, ka ce ita ce ba ta iya ba. Daga nan ba ta ƙara kawo maka ƙorafi ba.

Ka san Gwaggo daga kantinmu take karɓar allurar insulin ta ciwon suga. A 'yan makonnin nan ta fara yawan ƙishirwa da kasala, tana cewa zafin gari ne. Ba ta fasa allura ko sau ɗaya ba, don haka ba wanda ya kawo komai a ransa. Ranar da abin ya faru Umma ta shiga kai mata ruwan wanka da hantsi ta same ta a ƙasa kusa da gado, idanu a buɗe amma ba ta gane kowa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ni da maigidana muka ɗauke ta a mota. Tana kwance a cinyata a kujerar baya, sunanka take kira, Yaya, tana tambaya ko ka ci abinci, kamar lokacin da take goya ka. A asibiti likita ya auna sugan ya dube mu ya tambaya yaushe ta daina allura. Muka ce ba ta daina ba. Ya ce a kawo kwalbar. Da aka kawo ya juya ta, ya nuna mana wa'adin da yatsa: watan sha ɗaya na bara. Kusan ruwa take ta tsira wa kanta. Ya tambayi kantin da aka sayo, Baba yana tsaye a wurin, ya ce nasa ne. Ban taɓa jin muryar Baba ta yi ƙanƙanta haka ba.

Daga asibiti kanti na wuce. Ban buƙaci sirrin sana'ar kowa ba. Na zauna a gaban kwamfutar na shigar da magani na ƙarya guda uku, ɗaya na ba shi wa'adin watan ɗaya na baɗi, ɗaya watan shida na bana, ɗaya watan sha ɗaya na bara, na ce ta jera. Ta sa na baɗi a sama, na bara a ƙasa, kuma na baran bai yi ja ba. Sai da na tashi na fita waje na sha iska.

Bari in yi maka darasin da nake yi wa 'yan ajin farko. Kwamfuta ba ta san magani ba, ba ta san wata ko shekara ba. Idan aka tara mata abubuwa aka ce ta jera, abu ɗaya ta iya: ta ɗauki biyu ta tambayi wanne ne gaba, wanne ne baya. Duk dabarun jerawa da muke koyarwa a kan wannan tambaya suke tsaye. Akwai wadda ke bin layi tana duba maƙwabta biyu biyu, duk inda ta ga na baya ya kamata ya zo gaba sai ta musanya su, ta koma farko ta sake bi, har sai babu sauran musanya. Wannan ita ce mafi sauƙin rubutawa kuma mafi nawa, domin in kaya ya ninka biyu aikinta ninka huɗu yake yi. Ita abokinka ya sa muku, shi ya sa da kaya suka yi yawa take tsayawa da safe, ba rashin iyawar Auta ba ne. Akwai wadda ke ɗaukar abu ɗaya ɗaya tana soka shi a gurbinsa cikin waɗanda ta riga ta jera. Akwai wadda ke raba tarin gida biyu, ta sake raba kowane, ta jera ƙananan sannan ta haɗe su. Wata ta fi wata sauri nesa ba kusa ba. Amma ko wacce ka ɗauka, in wanda ya rubuta ta ya koya mata tambayar a karkace, za ta jera maka komai tsaf a karkace, kuma ba za ta ce maka uffan ba.

A jikin kwalin magani wata ake fara rubutawa, sannan shekara. Abokinka bai gaya wa kwamfuta cewa wannan kwanan wata ne ba. Ya ajiye shi a matsayin rubutu kawai, kamar sunan mutum. Ita kuwa rubutu daga hagu take auna shi, harafi bayan harafi, kuma da zarar ta ga bambanci ta yanke hukunci, ba ta ƙara duba gaba. Ta ga sifili da ɗaya a wannan kwali, ta ga ɗaya da ɗaya a wancan, shi ke nan ta gama, ko kallon shekarar ba ta yi ba. Don haka duk maganin da wa'adinsa ya faɗo a farkon shekara, ko da na shekaru uku masu zuwa ne, shi ke fita da wuri, na ƙarshen shekara kuma ya yi ta zama a ƙasan layi har ya mutu. Jan launin da ya yi alkawari ma da wannan gurguwar tambayar ya gina shi: ta auna watan sha ɗaya na bara da watan da muke ciki, ta ga sha ɗaya ya fi girma, ta ce da sauran lokaci. Da sabbin allurai suka ƙare a firiji, layi ya zo kan tsofaffin, ta nuna wa Auta tiren, fari tas ba ɗigon ja. Yaya, ɗalibin da ya kawo mini wannan a jarrabawa ba ya wucewa. Gwajin da ya tona shi bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Wannan ne na roƙa a bar ni in yi, kuka yi mini dariya.

Na kira abokinka ya yi ta ba ni uzuri, sai da maigidana ya je ofishinsa ya taho da shi. Ya zo yana fara'a yana kirana Hajiyar kwamfuta. Na maimaita gwajin a gabansa. Da farko ya ce masu shigar da bayanai ne suka yi kuskure. Na ce ya shigar da hannunsa. Ya shigar, ta ba shi amsa iri ɗaya. Sai ya ce ai ƙaramin abu ne, layi ɗaya ne, yanzu zai gyara. Na ce masa na sani layi ɗaya ne, kuma layin nan ɗaya yana kwance a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu biyu. Ya ce ko ma mene ne, aikin mai ba da magani ne ya duba kwali, shi bai ce a rufe ido ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Maigidana ne ya shiga tsakani ya raka shi mota. Daga motar nan, ina da tabbaci, ya kira ka ya ba ka labarin da ka hau Auta da shi. Ko asibitin bai leƙa ba har aka sallamo ta.

Kada ka ɗauka ina cewa Auta ba ta da nata. Ita da kanta ta faɗa, ta ce da ta juya kwalbar da ba a kai nan ba, kuma wannan zai bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ba ta buƙatar wanda zai tuna mata. Amma wa ya ce ta daina juyawa? Wa ta kai wa ƙorafi sau biyu ya kore ta? Kana can nesa, ka zo hutu ka juya mana kanti, ka koma, kuma da abu ya lalace ka nemi mafi ƙanƙanta a gidan ka ɗora mata.

Asibiti sun kai rahoto, kamar yadda ya wajaba a kansu, ban ga laifinsu ba. Jami'an duba magunguna suka zo da rana tsaka, kan idon maƙwabta da masu shaguna, suka buɗe firiji da kantoci, suka fitar da abin da suka fitar, suka manna takarda a ƙofa suka sa kwaɗo. Mai gyaran takalmin da ke gefenmu ya ce Baba ya daɗe tsaye a bakin titi yana kallon ƙofar, sannan ya juya ya taho gida a ƙasa, ya manta da motarsa a wurin. Kantin da ya buɗe tun kafin a haife ni, wanda ba a taɓa kama shi da ko ƙwaya ɗaya marar kyau ba.

Sun ba mu dama mu tantance kayan gaba ɗaya a gaban jami'insu kafin kwamiti ya zauna. Muka sauke komai ƙasa, kwalaye suka cika kanti har ba wurin taka ƙafa. Baba ya dubi tarin ya ce wannan sai a yi wata ba a gama ba. Na ce ba za a yi ba. Na raba tarin gida biyu, na sake raba kowane, har kowa ya sami abin da zai iya jerawa a gabansa: ni, Auta, maigidana, Umma da ta ce ba za a bar ta a gida ba, da maƙwabciyarmu mai ɗinki da ta rufe shagonta ta zo. Na ce kowa ya fara duba shekara, sai in shekara ta zo ɗaya sannan ya dubi wata. Da kowa ya gama nasa, muka riƙa haɗa layi biyu biyu: a dubi kwalin da ke gaban wannan layi da na gaban wancan, wanda ya fi kusa da lalacewa a ɗauke shi a ajiye, a sake duban na gaba. Baba ba ya ganin rubutun, sai ya zauna a kan kujera muna karanta masa yana cewa dama ko hagu. Umma har da tsokanarsa, wai yau ga babban mai magani ya koma ɗan sandan hanya. Bai yi dariya ba. Kafin la'asar ta yi sanyi mun gama. Abin da ya taru a gefen waɗanda suka lalace, Yaya, ya kai gwiwata, har da maganin tarin yara da na hawan jini. Ina kallon tarin ina tunanin mutanen da suka riga suka saya suka tafi gida. Auta ta bi duk wanda muke da lambarsa ta kira shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suka gode, wasu suka zage ta, ta shanye.

A gaban kwamiti Baba bai ambaci sunanka ba, bai ambaci na abokinka ba. Ya ce kantinsa ne, lasisinsa ne, shi ya yarda da abin da bai gwada ba. Da suka tambayi wanda ya miƙa allurar, ya ce duk abin da ya fita daga kantin nan daga hannunsa ya fita. Sun yarda a sake buɗewa, amma sun ce saboda idonsa ba zai ƙara tsayawa a bayan kanta ba. Yanzu da safe yakan yi wanka ya sa kaya kamar mai fita, sai ya zauna a ƙofar gida da rediyo. Auta ce ke riƙe da kantin, wadda ka ce a kora. Na goge manhajar abokinka na rubuta mata wata, na gwada ta da ɗalibaina sun yi ta neman inda za ta karye. Duk da haka na ce mata ta juya kowane kwali ta karanta, kuma ko ban faɗa ba za ta yi.

Saura abu ɗaya da gara ka ji daga bakina. Ranar da abokinka yake cika baki a kanti ya ce kantuna da yawa suna aiki da manhajarsa. Da wannan abu ya faru na tambaye shi sunayensu don a gargaɗe su, ya ƙi, ya ce zan ɓata masa kasuwa, zai bi su a hankali ya gyara ba tare da sun sani ba. Ban jira hankalinsa ba. Na rubuta bayanin kuskuren da yadda ake gwada shi, na sa hannu da sunana, na kai wa jami'an. Sun kira shi. Na san zai kira ka ya ce ƙanwarka ta tozarta shi, ya tuna maka zaman da kuka yi tun makaranta. In ya kira, ka tambaye shi ko a cikin kantunan nan akwai wanda ke sayar wa tasa gwaggon allura. Ban yi nadama ba, kuma ko kai ka ce in janye ba zan janye ba.

Tun da aka dawo da Gwaggo gida Auta ba ta yarda ta shiga ɗakin ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta gaishe ta ta wuce, ni ko Umma ke yi mata allurar. Shekaranjiya na shiga da allura a hannu, Gwaggo ta janye zanenta ta rufe cinya ta ce ba ni za ta ba ba, a kira mata 'yarta. Na ce Auta na shirin fita. Ta ce to ita ma ta fasa allurar, sai a mayar da ita asibiti. Ka san Gwaggo in ta kafe. Auta ta shigo kanta a ƙasa, ta karɓi kwalbar, ta juya ta, ta karanta wa'adin da ƙarfi. Gwaggo ta ce ta ji, ta yi sauri don yunwa take ji. Da aka gama ta riƙe hannun Auta ba ta saki ba, ta ce mata hannun nan ya fi na kowa sauƙi a gidan, kuma daga yau kada wani ya ƙara zuwa mata da allura in ba ita ba. Auta ta kifa kanta a gefen gadon ta yi kukan da ta riƙe tun ranar da ka kira. Umma ta ja ni muka fita muka bar su.

Abin da nake nema a wurinka ba shi da yawa. Ka kira Auta, ba ta hannun Baba ba, ba ta hannun Anti ba, kuma ba saƙo a rubuce ba. Ka ba ta haƙuri da bakin da ka zage ta. Sannan ka kira Baba ka bar shi ya yi magana, ko da zai yi shiru mai tsawo kada ka cike masa shirun. Kada ka aiko da kaya ko wata sabuwar na'ura, ba abin da muka rasa ke nan ba. In ka yi fushi da wannan takarda, ka yi da ni, ni na rubuta, ba wanda ya sa ni.

Ka gaishe mini da Anti ƙwarai, ka ce mata na ga saƙonta na jaje, Allah ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Ɗan Baba da Mama Ƙarama, ka ce musu 'yan'uwansu na nan suna ta tambayar su. Umma tana gaishe ku, ta ce ka riƙa samun barci. Maigidana yana gaishe ka. Gwaggo ta ce in gaya wa ɗanta ta warke, kada ya tayar da hankalinsa. Baba ya ce Allah ya yi maka albarka. Auta ban tambaye ta ba, don haka ba zan rubuta maka gaisuwar da ba ta aiko ba.

Allah ya sada mu cikin alheri.

Ƙanwarka,
wadda kake kira Uwar Gardama